Signe Ba Ta Gama Shan Ruwa Ba

Kowane jirgin katako a Lovik sai ya sha ruwa idan ƙanƙara ta narke. Wata bakwai ya yi a rumfa yana bushewa, katakan jikinsa sun ja da baya har kana hango rana ta tsakaninsu, to ranar da aka tura shi teku ai dole ya yi yoyo. Mai shi zai zauna a ciki da moɗa yana kwarfa, kwana uku, kwana huɗu, in abin ya yi tsanani mako guda, sai katako ya kumbura ya haɗe bakinsa, a ɗaga zanen iska a tafi yawo. Haka aka gada. Signe ce kaɗai, jirgin Birger, take fara shan ruwa a watan Mayu, Satumba ta zo ta same ta ba ta ƙoshi ba. Bana shekara tara ke nan.

Kuma ba muni ne da ita ba. Jirage goma sha huɗu ne a ɗaure a tsohuwar gadar katako, kowane da turkensa, amma babu mai kama ƙafar Signe. Tsawonta bai fi taku bakwai ba. Mutum uku sun cika ta, na huɗu sai dai ya haƙura ya ɗaga musu hannu daga gada. Ba inji, ba wurin kwana, sanda ɗaya ce a tsaye da zane biyu da benci, irin jiragen nan da ake fita da su bayan abincin rana a dawo kafin dankalin dare ya dahu. Jirgin na surukin Birger ne, mahaifin matarsa Majken, kuma sunan uwarta aka sa masa. Da suka dawo Lovik bayan Birger ya ajiye aiki, a bayan gida ya tarar da shi a kife, ciyawa mai ƙaiƙayi ta fito ta cikinsa. Shekara biyu ya yi a kansa. Birger kafinta ne, shekara arba'in yana yin kujeru da kabad a wani gari can tsakiyar daji, kuma in dai katako ne, to yana jin maganarsa. Sau goma sha ɗaya ya shafa wa Signe man katako, kowane shafi ya bi shi da samfefa. Ƙusoshinta na jan ƙarfe a jere suke kamar maɓallan riga. An taɓa ganin wata baƙuwa ta durƙusa a gada tana gyara jan bakinta a jikin jirgin.

Kullum ƙarfe tara na safe Birger zai sauko da fulas ɗinsa na gahawa, ya shiga Signe, ya ɗaga katakon shimfiɗa ya fara kwarfa. Dattawan gari kuma su jeru a bencin gada a saman kansa. Majalisarsu ke nan, kuma turke na bakwai, turken Signe, shi ne a daidai bencin.

Sixten ne ke buɗe taro. Tsohon masunci ne, hanci ja, baki ba linzami. Ya leƙo ya ce, "Kyaftin, ya mai jiki?"

Birger ya ce, "Da sauƙi."

"Yau moɗa nawa?"

"Arba'in da biyu."

"Jiya arba'in ka ce. Wannan ai ba sauƙi ba ne, gaba take yi. Yarinyar nan taka ta fi ni sha, Birger. Ni ko ba komai ran Litinin ina hutawa."

Ebbe, wanda ya yi shekara talatin yana raba wasiƙu kuma kunnensa ya yi nauyi, ya ce, "Wa ya huta?"

"Ba kowa, Ebbe. Sha gahawarka."

Birger ya yi murmushi, ya lashi yatsa ya ɗaga sama, ya dubi gajimare da ido ɗaya, ya ce iskar nan za ta juya kafin rana ta raba. Wani lokaci takan juya. Iska ce.

Abin da Birger ya ɗauka daga shi sai Mahaliccinsa suka sani shi ne, bai iya tuƙa jirgi ba. Bai taɓa iyawa ba. Babban ruwan garin da aka haife shi shi ne kududdufin bayan injin yankan katako. Shekara arba'in da ɗaya da suka wuce, a wurin wata rawa, ya haɗu da wata ma'aikaciyar asibiti 'yar bakin teku, Majken ke nan, ta ce masa ita mutanen dajin nan tausayi suke ba ta, ba su san iska ba sai ta ɗauke musu hula. Bakinsa ya riga hankalinsa, ya ce ai shi ma ɗan ruwa ne. Kalma biyar ko shida. Kafin ranar aure labari ya isa Lovik cewa 'yarsu ta samo matuƙi, kuma da ya zo gari bayan shekara talatin, sunan Kyaftin yana nan yana jiransa a bakin gada. Sau nawa ya buɗe baki zai gyara. Amma ƙaryar da ta yi furfura ta fi sabuwa wuyar kashewa.

Sai ga huda ta zo ta rufa masa asiri. Shekarar da aka fara tura Signe, bayan katako ya gama kumbura, ya ga har yanzu ruwa na taruwa. Ya bi da yatsa ya gano wurin: can baya, ƙarƙashin benci, wata tsohuwar ƙusa ce ta fice ta bar rami da bai fi kan ashana ba. Aikin da zai gama kafin gahawa ta huce. Har ya fere ɗan tsinken katako daidai ramin, ya ɗauko guduma. Sai ya dubi teku, ya dubi tsinken, ya jefa shi a aljihun rigarsa ta aiki. Tun daga ranar yana nan. Sixten ya taɓa ce masa ya yi mata maganin tururuwa irin na mutanen da, Birger ya ce shi ba zai cusa sharar daji a gindin jirgin surukinsa ba. Sixten ya dube shi ya daɗe, bai sake tayar da zancen ba.

Haka aka yi ta tafiya lami lafiya, har aka zaɓi Gunnel shugabar ƙungiyar masu jiragen gada.

Gunnel tsohuwar shugabar makaranta ce, kuma rabin garin ta taɓa tsayar da su a bakin ofis. Ba muguwa ba ce. Matsalarta ɗaya, in aka ba ta takarda sai ta karanta. Ta karanta dokokin ƙungiya tun daga shafin farko, abin da ba wanda ya taɓa yi, ta samo wata doka da aka manta da ita: duk jirgin da ke da turke a gadar katako, dole ya kewaya Tsibirin Akuya da zanen iska washegarin bikin tsakiyar bazara, in ba haka ba a ba wani turken. Mutum shida ne a layi suna jira da jiragensu a kan tudu.

Ta zo majalisa da kanta, takarda a hannu. Dattawan suka gyara zama ba su sani ba.

Ta ce, "Birger, gadar nan ta jirage ce, ba ɗakin ajiye kabad ba."

"Ai ba ta gama shan ruwa ba ne, Gunnel."

"Na ji. Shekara tara ina ji. To ga yadda za a yi. Ran Juma'a da yamma, kafin a tafi biki, ka kwarfe ta tas a gabana. Ran Asabar ƙarfe takwas zan zo in ɗaga katakon nan da hannuna. In na ga ruwa, na ba ka shekara ɗaya ka nemi magani. In na ga ƙasa a bushe, ka ɗaga zane ka bi mutane, ko ka kwance igiyarka."

Sixten ya ce, "Malama, in ya yi kuka za a rage masa?"

"Kai ma ban gama da kai ba, Sixten. Igiyarka ta ruɓe."

Birger ya koma gida rai a jagule, ko da yake ya san hudarsa ba ta taɓa ba shi kunya ba. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske. Ba don turken kawai ba, duk da turken surukinsa ne tun kafin a haifi Majken. In aka kwance Signe daga nan aka mayar da ita rumfa, shi ina zai je ƙarfe tara na safe? Mutum ba ya zama a bencin nan hannu rabbana, sai yana da jirgi a ƙasa. Shi baƙo ne a Lovik, Signe ce ta sama masa wurin zama.

Majken tana fere dankali ya ba ta labari. Mace ce 'yar ƙarama mai farin gashi, ba ta da yawan magana, kuma in ta yi shiru Birger bai taɓa sanin ko yarda ta yi ko ajiyewa ta yi ba.

Ta ce, "To in Gunnel ta ga ruwa fa?"

"Shekara ɗaya."

"Baɗi kuma?"

"Baɗi Allah ya kai mu."

Ta jefa dankali a tukunya. Ta ce, "Amin. Miƙo min gishiri, tsoho."

Ran Juma'a ya kwarfe Signe a gaban Gunnel, har ya bi da tsumma, suka haura filin biki. An kafa wani dogon itace a tsakiyar fili an naɗe shi da ganye da furanni, manya da yara suna kewaya shi suna tsalle, ga kifi mai tsami da sabon dankali a kan dogayen tebura. Ana tsakiyar rawa, rana tana nan sama kamar ba ta da niyyar faɗuwa, Majken ta ce ta manta kirim ɗin da za a zuba a kan 'ya'yan itace, bari ta je gida ta ɗauko. Gidan ba nisa. Sai da ta fi awa ɗaya. Ta dawo da kirim ɗin, takalman roba a ƙafarta, tana sosa wuyan hannu.

Birger ya ce, "Me ya cije ki?"

Ta ce, "Sauro. Bana sun yi yawa."

Ran Asabar ya sauko gada yana fito, fulas a hammata. Jirage goma sha uku sun riga sun ɗaga zane suna kaɗawa a turakunsu, mata da jikoki ana ta loda kwanduna. Gunnel tana tsaye a turke na bakwai tana duban agogo. Ta sauka cikin Signe da kanta, ta ɗaga katakon shimfiɗa.

Ƙasan jirgin a bushe yake ƙayau. Wata tururuwa guda ce ma take tafiya a kai hankalinta kwance.

Gunnel ta shafa da tafin hannu, ta nuna masa. Birger ya leƙa. Ya sake leƙawa. Ya dubi ruwan da ke kewaye da jirgin, sai ya ga busassun ganyen itatuwan daji masu kama da allura suna yawo a kai, ga jajayen tururuwan daji suna hawa igiya a jere suna neman hanyar gida. A ƙarshen gada kuma ga baronsa na lambu, da tsohon buhu ɗaure a bakin doguwar gora.

Kowa a Lovik ya san wannan magani. Za ka je daji ka ɗebo tulin da tururuwa suka tara, ka zuba a buhu, ka tura shi ƙarƙashin jirgi da gora ka girgiza. Ɓarɓashin zai taso yana bin gindin jirgin, duk inda ruwa ke shiga sai ya zuƙe shi, ya jiƙa ya kumbura ya toshe. Ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Sixten ya leƙo daga jirginsa, ya ce, "Ikon Allah! Kyaftin, mai jiki ta miƙe! Wane likita ka samo?"

Ebbe ya ce, "Wa ya miƙe?"

Gunnel ta ce, "Ƙarfe tara ake tashi," ta yi gaba.

Birger yana tsaye yana lissafin ko ya ce bayansa ya riƙe, sai ga Majken ta sauko da kwando a hannu da wata tsohuwar rigar sanyi shuɗiya wadda bai taɓa ganin ta sa ba. Ba ta dube shi ba. Ta taka ta shiga Signe, jirgin ko motsi bai yi ba, ta ajiye kwando, ta fara kwance ɗaurin zane tana magana ƙasa-ƙasa.

"Zauna a baya ka kama sandar tuƙi. Ni fasinja ce, zan ɗan taya ka da igiyoyi."

"Majken..."

"Zauna, tsoho. Ana kallonmu."

Ya zauna. Ta ja wata igiya, babban zane ya hau yana fatar-fatar, ta ja wata ƙaramin ya bi shi. Ta kwance turke, ta tokare gada da ƙafa. Shekara tara Birger yana shiga jirgin nan kullum, yau ne karon farko da ya ga ruwa tsakaninsa da gada.

Iska ta cika zane, Signe ta ɗan kishingiɗa ta fara tafiya, kai tsaye wajen jirgin Sixten. Birger ya yi shekara arba'in yana tuƙa mota, saboda haka da ya so ya kauce hagu, sai ya tura sandar hagu. Sandar jirgi kuwa 'yar gardama ce, inda ka tura ta ba nan jirgi ke zuwa ba. Signe ta ƙara miƙewa kan Sixten. Tsohon ya miƙe tsaye ya ɗaga gora, yana faɗin wasu kalmomi da ba a koya a makarantar Gunnel ba.

Sai Birger ya ji hannu a kan nasa. Majken ta matso ta zauna daf da shi, ta kwantar da kai a kafaɗarsa kamar mai jin sanyi, ta ɗora tafinta a bayan hannunsa ta ja sandar a hankali. Signe ta juya ta wuce jirgin Sixten da tazarar da ba ta fi kamu ɗaya ba.

Gada ta ɗauki shewa. Wata ta ce, "Ku ga amarya da ango!" Sixten ya sauke gora ya ce, "Haba Kyaftin, ka bari ku fita daga gari mana! Akwai yara a nan!"

Haka suka fita daga bakin gari, hannu a kan hannu, kunnuwan Birger sun yi ja. Sauran jiragen suka bazu a gaba. Da suka karya kwanar dutsen da ke tsare Lovik, gada ta ɓace, Majken ta ɗauke hannunta ta naɗe a cinya.

Ba a yi minti ɗaya ba Signe ta juya hanci cikin iska ta tsaya, zane yana ta marin kansa. Birger ya tura sanda nan, ya tura can. Ya sake ta.

Ya ce, "Majken, ban iya ba."

"Na ji."

"Ba wai na manta ba ne. Ban taɓa iyawa ba. Abin da na faɗa miki a wurin rawar nan..."

"Na sani, Birger."

"Tun yaushe?"

"Tun daren. Da ka raka ni gida muka zo 'yar gadar nan ta kan rafi, ruwan ko idon sawu bai kai ba, ka kama ƙarfenta da hannu biyu."

Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, kunyar shekara arba'in da ɗaya a lokaci guda. Ya ce, "To me ya sa kika aure ni?"

"Kujerunka ba sa girgiɗi. Tashi mu yi musanya, za mu hau dutse."

Suka yi musanya. Ta ce ya zauna a tsakiya, a ɓangaren da iska ke fitowa, ya riƙe igiyar ƙaramin zane, in ta ce saki ya saki, in ta ce ja ya ja. Ta kama sandar da yatsu uku kawai. Ta ɗan lumshe ido tana jin iskar a kumatunta, ta ja sandar, zane ya cika, Signe ta kwanta ta ɗauki hanya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Da farko Birger bai ga komai ba sai benci da yake riƙe da shi. Can sai ya fara jin wani sauti a ƙarƙashinsa, ƙul-ƙul-ƙul, ruwa yana bin gaɓoɓin katakan nan da ya jera ɗaya bisa leɓen ɗaya. Shi ya fere su, shi ya buga kowace ƙusa, amma bai taɓa sanin suna da murya ba. Ya sa tafin hannu a jikin jirgin ya ji yana ɗan rawa kamar maƙogwaron kyanwa. Rana ta ɗumama katako, ƙamshin mai da kwalta ya tashi. Ba ƙarar inji, ba hayaƙi, tsuntsayen da ke kan duwatsu ko tashi ba su yi ba da suka wuce. In ya miƙa hannu zai taɓa teku. Ya miƙa, ya taɓa, ya ji sanyi, ya janye da sauri.

Ya ce, "Ashe haka take yi."

"Haka take yi. Sunkuya, sandar ƙasan zane za ta wuce. Saki! Ja ɗayar! Ɗayar na ce, tsoho, hannu nawa ne da kai?"

Ya ja. Ya ɗago ya dube ta. Gashinta ya warware, kumatunta sun yi ja, tana dariya ita kaɗai, wata irin dariya da rabonsa da ita tun suna da ƙuruciya. Tana nuna masa abubuwa da haɓa: ga dutsen da babanta ya taɓa kwana a kai da bai ji maganar uwarta ba, ga lungun da suke wanka, ga inda iska ke mutuwa kullum a bayan tsibiri, shi ya sa wancan sakaran Sixten zai maƙale yanzun nan. Sixten ya maƙale. Suka wuce shi ta waje, Majken ta sunkuyar da kai bayan zane don kada ya ga wa ke tuƙi.

A nan ne abin ya daki Birger. Shekara tara yana tsoron kada ya rasa bencinsa, bai taɓa tsayawa ya yi tunanin abin da ita ta rasa ba. Shekara talatin ta zauna da shi a tsakiyar daji. Ta dawo garinsu, jirgin ubanta yana ɗaure a ƙasan tagar kicin, tana wanke kwanuka tana ganin sauran suna fita. Kuma ba ta taɓa kwance shi ba, don in ta fita ita kaɗai sai an tambayi ina Kyaftin. Idonsa ya cika, ya bar wa iska laifin.

Ya ce, "Bazara tara na cinye miki, Majken."

Ta yi ɗan tunani. Ta ce, "Takwas. Ɗaya ruwan sama aka yi ta yi."

Suka kewaya Tsibirin Akuya, suka ci burodin kirfa da gahawa jirgin yana tafiya, iska ta koma bayansu ta turo su gida. Da dutsen kwana ya matso, Majken ta sassauta igiya.

Ta ce, "Zo ka karɓi wurinka. Zan ɗora hannu kamar ɗazu. Sun riga sun yi shewarsu, ba za su sake ba."

Birger ya dubi sandar. Ya dubi dutsen, wanda a bayansa rabin gari ke tsaye a gada. Abu ne mai sauƙi, taku biyu ne. Zai sauka Kyaftin kamar yadda ya hau, turke ya tsira, suna ya tsira, baɗi ma a yi haka.

Ya gyara zama a bencin tsakiya, ya ƙara naɗe igiyar a hannu.

Ya ce, "Nan ne wurina. Tuƙa."

"Birger, za su gani."

"Su gani. Ranar wanka ce."

Signe ta karyo kwana, zane biyu a buɗe, 'yar tsohuwa mai shuɗiyar riga a baya da sanda a hannu. Hayaniyar gada ta ɗauke. Majken ta kawo jirgin da gudu kamar za ta fasa gadar, har Ebbe ya ja da baya, sai ta juya hancinsa cikin iska, ya zame a hankali ya tsaya a turke na bakwai, ko ƙwai aka sa a tsakani ba zai fashe ba. Gunnel ta ciro biro ta yi alama a takardarta.

Sixten ya iso bayansu da kusan rabin awa, yana tuƙi da gora. Ya hau gada yana haki, ya tsaya a kansu.

"Kyaftin, me nake ji? Juyin mulki aka yi a teku?"

Birger ya miƙe tsaye a cikin jirgin, yana riƙe da turke. Ya ce, "Ba a yi ba, don ban taɓa mulki ba. Ni kafinta ne, Sixten. Ban iya tuƙi ba, ban taɓa iyawa ba. Kowa ya ji."

Ebbe ya ce, "Me ya ce?"

Sixten ya ce, "Ya ce shi kafinta ne."

"To da wa ya ce likita ne?"

Sixten ya durƙusa da ƙyar, ya ɗauki ragowar igiyar Signe da Birger ya naɗe a kan gada, ya warware ta. Ya ce, "Tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, zo ka gani. Igiya yadda rana ke tafiya ake naɗe ta, haka, ba kamar wayar dutsen guga ba. Shekara tara hannuna yana ƙaiƙayi. Kullum in ka tafi cin abinci sai na warware na sake."

"Ka sani ke nan."

"Ni ban san komai ba. Na dai san igiya." Ya miƙe yana dafa gwiwa. "Gobe ƙarfe tara, Kyaftin. Kar ka zo da gahawar nan mai kama da ruwan wanki."

Washegari ƙarfe tara dattawa suka jeru a benci. Birger ya sauko da fulas da 'yar guduma, Majken na biye da kwando. Ya zuba wa kowa gahawa, ya ajiye nasa kofin a kan gada. Ya shiga Signe ya durƙusa a baya, ƙarƙashin benci, ya ce tururuwa sun yi nasu ƙoƙarin, amma ba a bar wa baƙi aikin gida. Ya laluba aljihun rigar aiki ya ciro tsinken. Shekara tara a aljihu sun sa ya yi baƙi ya yi santsi. Ya sa shi a ramin, ruwa ya ɗan yi tsartuwa, ya buga sau uku.

Majken ta riga ta kwance ɗaurin zane. Ta ce, "Ka gama, ko sai baɗi?"

Ya miƙa hannu ya ɗauko kofinsa daga gada. Gahawar ba ta huce ba.